Yayar Mawaƙi da Gidan Masu Wanki

Shekara ashirin da uku muka yi ni da ita a ɗaki ɗaya, teburina na kallon nata, kowacce da tafiretarta. Ofishin wani kamfanin sufuri ne, mu kuma aikinmu buga takardu. Ɗakin yana can ƙarshen bene, kusa da inda ake jibge tsofaffin fayil, da taga ɗaya wadda ba ta tsayawa a buɗe sai an tokare ta da katako. Tun kafin in zo aka laƙaba mata suna Mai Gyara, kuma ban yi sati ba na gane dalili. Manaja zai aiko da wasiƙa da rubutun hannunsa, ta karanta, ta ɗan taɓe baki, ta buga. In takardar ta koma masa sai ya tarar jimlarsa ta miƙe, kalma uku sun ɓace, magana ta fito fes. Da farko yakan zo da faɗa. Daga baya ya haƙura, har ya riƙa rubutawa a gefe cewa a gyara yadda ya dace.

Doguwa ce siririya, ba ta da yawan magana, amma in ta yi guda sai ka tuna da ita a hanyar gida. Ban taɓa ganin tufafinta a yamutse ba, ko da ruwa ya doke mu a tasha. Wata rana na tsokane ta, na ce, "Ke kam sai ka ce a gidan mai guga aka haife ki."

"A can aka haife ni," in ji ta, ba ta ko ɗago kai ba.

Daga ranar ta fara ba ni labarin gidan, kaɗan-kaɗan, lokacin hutun rana. Kakanta ne ya gina shi a ƙarshen wani lungu kusa da famfon unguwa. Ya shigo garin da baho ɗaya da dutsen guga na gawayi, yana bin gidajen ma'aikata yana karɓar wanki. Ɗaki biyu ya fara yi, ɗansa ya ƙara biyu, ya kafa rumfar guga a gefen hagu. Igiyoyin shanya biyar ne suka ratsa tsakar gidan daga bango zuwa bango, saboda haka yaran gidan duk a sunkuye suka koyi gudu. Su shida ne, ita ce babba. Tsakaninta da autansu shekara goma sha huɗu, kuma yana da huɗu mahaifiyarsu ta rasu, sai ya zama ita ce uwar.

Aikinta a gidan shi ne sa alama. Kowane mai kawo wanki yana da tasa, ɗigo biyu ko 'yar gicciye, a cikin wuyan riga inda ido ba ya kaiwa. Ta ce ɗigo ɗaya in ya kuskure, rigar direba ta tafi gidan alƙali. Sabulu kuma bai karɓe ta ba, kullum yatsunta a tsattsage. Babansu ya duba hannun wata rana ya ce, "Wannan ba hannun ruwa ba ne." Shi ya kai ta makarantar koyon tafireta da ƙafarsa, ya tsaya a bakin ƙofa bai shiga ba, wai tufafinsa a jiƙe suke. Ta auri wani direban kamfaninmu, mutum mai barkwanci, suka haifi 'ya'ya mata biyu kafin ya rasu. Bayan rasuwar baban nasu ba wanda ya gaji wankin. Wani ƙanenta ya zauna a gidan 'yan shekaru, shi ma ya tashi, aka sa kwaɗo.

Autan nan shi ne ya zama malamin sakandare, kuma marubucin waƙa. Ana karanta waƙoƙinsa a rediyo, ana gayyatarsa taro, yara a makaranta suna haddace wasu. A waje ana ce masa Malam, amma a ɗakinmu Auta yake, har lokacin da furfura ta cika masa gemu. Rubutun hannunsa kamar kaza ta bi ta kan tawada, ita kaɗai ke iya karanta shi. Yakan zo da hutun rana, ya gaishe ni da "Yaya ƙarama", ya zauna a kan akwatin takardu, ita kuma ta buga masa. Wani lokaci ta tsaya ta ce, "Wannan ɗangon ya yi tsawo, numfashina ya ƙare kafin in kai ƙarshe." Ya yi gunaguni, ya karɓa, ya rage.

Ranar da suka ɓata ina zaune. Ya shigo da fara'a, ya ce ya gama babbar waƙarsa, ta gidan kakanni, baiti arba'in. Ta sa takarda a tafireta, ta buga ɗango biyu na farko:

*Gidanmu gidan daraja, ƙofarsa ta kai sama,*
*Kakanmu kogin sani, kowa ya zo ya sha.*

Sai ta tsaya. Ta ɗauki rubutun ta karanta shi har ƙarshe, shafi bayan shafi, ta ajiye.

"Auta, wannan gidan waye?"

"Gidanmu mana, Yaya."

"Ni dai ban taɓa shigarsa ba. Ƙofar nan da ta kai sama, ba ita ce wadda Baba ke sunkuyawa in ya ɗauko ƙunshin wanki ba? Kaka kuma, Allah ya jiƙansa, da babban yatsa yake sa hannu a takarda. Ina ka samo masa ɗakin littattafai?"

"Waƙa ce, Yaya, ba takardar kotu ba. Mawaƙi yana da ikon ƙawata abu."

"Ƙawatawa daban, musanya daban. Baiti arba'in, ban ji ƙamshin sabulu ko a ɗaya ba."

Ya miƙe tsaye. Ya ce, "To me kike so in ce? In gaya wa duniya cewa a cikin dauɗar mutane muka tashi?"

Ni na duƙufa a kan wata wasiƙa da na riga na gama. Ta zare takardar daga tafireta, ta haɗa da rubutunsa ta miƙa masa.

"Kai wa wanda bai san gidan ba ya buga maka."

Haka kuwa ya yi. Waƙar ta fito a cikin littafinsa na biyu, aka yaba, har wani ya rubuta a jarida cewa ba mamaki, mawaƙin ɗan gidan ilimi ne. Na nuna mata jaridar, ta karanta, ta ninke ta shimfiɗa a ƙarƙashin kofin shayinta. Ba su yi gaba ba. Yana zuwa gidanta gaisuwa, tana zuwa dubiyar iyalinsa, amma shekara uku bai sake hawowa benenmu da takarda ba. Na lura duk hutun rana takan kalli ƙofa sau ɗaya kafin ta buɗe kwanon abincinta.

Abin da ya sake haɗa su aikin titi ne. Za a faɗaɗa hanya, aka bi lungun aka shafa jan fenti a bangon gidaje goma sha ɗaya, har da nasu. Aka ba su wata biyu su kwashe abin da ke ciki. Ta aika masa cewa ranar Asabar da safe ya zo, ni ma ta ce in raka ta, wai ba ta son ta buɗe ƙofar ita kaɗai.

Kwaɗon ya yi tsatsa, sai da maƙwabci ya ara mana guduma. Ni ce baƙuwa, amma na gane komai daga labarinta: ƙusoshin igiya biyar a bangon nan, biyar a wancan, rumfar guga da rabin kwanonta ya faɗi, dakalin siminti inda ake wanki, tsakiyarsa ta lotsa saboda shekarun dirza. Auta ya shigo bayanmu, ƙofar ta buge masa goshi. Na ga bakin Mai Gyara ya motsa.

Ya leƙa ɗakin da suke kwana suna yara, ya daɗe a tsaye. Ya ce, "Yaya, an rage ɗakin nan ne?"

"Wa zai rage shi? Kai ne ka ƙaru."

Ya auna da ƙafa, taku huɗu da rabi. Ya ce shi a ransa ɗakin ya kai ajin da yake koyarwa. A ƙarƙashin teburin guga ta jawo dutsen kakansu, baƙi ƙirin, mariƙin katakonsa ya sha hannu har ya yi santsi, gefe ɗaya ya ɗan loɓa daidai wurin babban yatsa. Ta miƙa masa. Ya karɓa da hannu ɗaya, nauyin ya ja shi, ya tallafa da na biyu.

Muka zauna a dakalin wanki muna hutawa. A nan ta ce masa, "Ka tuna farar rigar da ka sa ranar ba da kyauta a makarantarku, ranar da ka fara karanta waƙa a gaban mutane?"

"Mai maɓallai masu sheƙi. Baba ya saya mini. Ban san inda ta shiga ba daga baya."

"Bai saya ba. Ta likitan nan ce na bayan asibiti, mai ɗigo uku. Ni na sa mata alama."

Ya juyo yana kallonta. Ta ce tun zamanin Kaka dokar gidan ɗaya ce, ba a sa kayan mutane, ko hula, ko da wasa. Ta taɓa shan duka saboda ta yafa ɗankwalin wata ta duba madubi. Amma a safiyar nan Baba ya dubi rigar Auta, wuyanta ya cinye, hannunta bai kai wuyan hannu ba, ya shiga rumfa ya fito da ta likita ya ce masa ya sa. Da yamma ya wanke ta, ya goge, ya kai da kansa, ya gaya wa likitan abin da ya yi. Likitan bai yi faɗa ba. Ya karɓi rigarsa, kuma bai sake aiko da wanki ba, bayan shekara goma sha ɗaya yana kawo musu.

"Me ya kai shi faɗa masa? Ai ba zai taɓa sani ba."

"Haka na tambaye shi. Ya ce ai shi ya sani."

Auta ya tashi ya shiga rumfar, ya ba mu baya. Muka bar shi, muka ci gaba da ɗaure kwanuka.

Bayan sati biyu aka rushe gidan. Bayan wata ɗaya kuma, da hutun rana, sai ga shi a ƙofar ɗakinmu da takarda a hannu, yana ta kame-kame kamar ɗalibin da ya makara. Ta ture kwanon abincinta gefe, ta sa takarda a tafireta, ta ce, "Kawo."

Wata bakwai suka yi a kan waƙar nan, kuma a wata bakwai ɗin na koyi abin da ban koya a makaranta ba. Ya fara da tarihin zuwan Kaka garin, ta ce wannan sai a littafin tarihi, ya shigo da mutum cikin gidan tukuna. Ya rubuta cewa sun sha wahala, ta ce kar ya ce sun sha wahala, kar ya ce sun ji daɗi, ya faɗi abin da ke kan igiya, mai karatu ba yaro ba ne. A karo na huɗu ya kawo mabuɗin da ya tsaya:

*Rigunan mutane sun cika mana tsakar gida,*
*Muna ratsa su a sunkuye, ba tamu ko ɗaya.*

Ta buga, ta karanta a hankali, ta ce, "Yanzu na shigo."

Ba kullum take cin nasara ba. Suna da kakanni mata biyu da suka zauna a gidan, ta wajen uba mai faɗa, ta wajen uwa mai ɓoye wa yara alewa a bakin zane. Auta ya haɗe su ya yi tsohuwa ɗaya mai faɗa da baki, mai miƙo alewa da hannu. Mai Gyara ta ce sam, matan nan ko gaisawa da ƙyar suke yi, ya za a cusa su a jiki ɗaya. Shi kuma ya ce mai sauraro ba zai iya riƙe tsofaffi biyu a bakin ƙofa ɗaya ba, kuma shi da yake ƙarami haka ya ɗauke su, abu ɗaya mai tsoratarwa da daɗi. Sati uku takardar na kwance a aljihun teburinta. Ranar da ta buga ta, ta ce mini, "Da suna raye da sun haɗu sun cinye shi. Karon farko ke nan da za su yarda da juna."

Haka ya yi da bishiyar gwaiba. A bayan gida take, kusa da makwarara, shi kuma ya ɗauko ta ya dasa a bakin ƙofa, domin Baba ya samu inuwar da zai tsaya ya sauke ƙunshi. Ta yi mita, ta buga. Can bayan shekaru ta ce mini abin haushi, yanzu in ta rufe ido a bakin ƙofar take ganin gwaibar.

A kan rigar likita kuwa sai suka yi musayar wuri. Ya rubuta baiti shida, da kuka da neman gafara, ta buga su duka ba ta taɓa ko wasali ba. Kwana biyu ya dawo ya soke su da jan biro, ya bar ɗango biyu:

*Na sa farar riga ta yini guda,*
*Da yamma Baba ya kai ta, da gaskiya a bisa.*

"Ka yanke da yawa, Auta. Wa zai gane?"

"Wanda zai gane zai gane. Shi ma Baban ai bai yi dogon bayani ba."

Ta daɗe tana kallon takardar, sannan ta buga.

Da waƙar ta fito ba kowa ya yi murna ba. Ƙanwarsu ta tsakiya, wadda ɗanta ke neman aure a wani gidan masu hali, ta zo har ofis tana cewa Auta ya shanya su a rana. Mai Gyara ta ce mata ai shanya sana'ar gidansu ce, ta zuba mata shayi. Auren dai an yi shi. Wasiƙu kuma suka riƙa zuwa wa Auta daga mutanen da bai sani ba, ɗan mai faci, 'yar mai sayar da gawayi, wani babban ma'aikaci da ya ce ubansa ɗan dako ne kuma bai taɓa gaya wa 'ya'yansa ba. Auta yakan kawo mata su ta karanta. Ita kuma sai ta jera su a wani fayil da ta ware.

Da kwamfuta ta shigo ofis aka ce mu koya. Ni na koya, ita ta ce shekarunta sun kai, ta yi ritaya, ta koma gidan babbar 'yarta. Auta ya riga ta tafiya, ciwon zuciya, yana da sittin da ɗaya. Ta ce mini a wurin zaman makoki, "Na goye shi, na yaye shi, ban taɓa kawo wa raina ni zan raka shi ba."

Bayan shekara biyu wata malamar jami'a ta neme ta, tana rubutu a kan dabarun da mawaƙin ya bi wajen zana gidan kakanninsa. Mai Gyara ta kira ni in zo in taya ta zama, wai ba ta saba da masu dogon Turanci ba. Malamar mace ce mai ladabi, tana ce mata Mama, ta zo da tambayoyi a rubuce. Ta ce abin da ya fi burge ta shi ne a duk waƙar ba a ga fuskar uban ba ko sau ɗaya, sai bayansa da hannuwansa. Ta ce wannan dabara ce mai zurfi, ta ɓoye mutum domin a ƙara ganin girmansa, ko mawaƙin ya taɓa bayyana mata dalili?

Mai Gyara ta yi murmushi. Ta ce, "'Yata, teburin guga bango yake kallo. In ka shigo gida bayansa za ka gani, in za ka fita bayansa za ka yi wa sallama. Mu ma fuskar tasa ba mu ganta da yawa ba."

Malamar ta ajiye biro, ta yi dariya har da share ido. Ta ce to uwar fa, da ba a ambace ta ba sai da ƙarar bokiti a bakin famfo?

"Shekararsa huɗu ta rasu. Abin da ya riƙe ke nan. Na so in ba shi sauran, kamanninta, muryarta, ya ce a'a, wannan nawa ne, shi bokitin nan kawai aka bar masa. Amma ki rubuta dabara ce. Ya sha wuya kafin ya yarda ya tsaya a kan abin da yake da shi."

Zuwana na ƙarshe wurinta idanunta sun yi rauni, tana zaune a baranda da bargo a gwiwa. Muka taɓa hirar ciwon ƙafa da tsadar mota da waɗanda suka rasu cikin abokan aikinmu. Can ta ce, "Ke kuma shekara nawa ina ba ki labarin gidanmu, ba ki taɓa ba ni na naku ba."

Na ce ai namu ba wani abin faɗa, babana ma'aikacin gidan waya ne, gidajen haya muka yi ta bi.

"Wanne kika fi tunawa?"

Na ce akwai wani mai matakala uku a ƙofa, ta tsakiyar a fashe, kullum sai an tsallake ta. Ta gyara zama ta ce in hau matakalar in shiga, me ke hannun dama. Na fara da ƙyar, sai ga abubuwa suna fitowa waɗanda na yi shekara hamsin ban tuna ba, har kekensa da yake jinginawa a bayan ƙofa da jakar wasiƙu a rataye. Duk inda na yi tsalle sai ta mai da ni baya ta ce ban gama da ɗakin nan ba. Shayinmu ya huce ba mu sha ba. Sai da 'yarta ta leƙo ta ce in ban tashi yanzu ba motar unguwarmu za ta wuce ni.

A daminar shekarar ta rasu, tana da tamanin ba ɗaya.